Yadda Salar Jang ya gyara kuɗin masarautar Haidarabad, da inda gyaran ya tsaya

Malam Habu:
Assalamu alaikum jama'a. Ina so mu ɗauko maganar masarautar Haidarabad da ke tsakiyar Indiya a zamanin Turawan Ingila, musamman shekara 30 da Mir Turab Ali Khan, wanda aka fi sani da Salar Jang na Ɗaya, ya yi yana waziri, daga 1853 zuwa 1883. Sarkin ƙasar ana ce masa Nizam, wazirinsa kuma Diwan. Turawa ba su mulki ƙasar kai tsaye ba, amma ga Razdan a zaune a babban birni, ga barikin sojansu a Sikandarabad. Salar Jang ya karɓi aiki yana ɗan shekara 24, 'yan kwanaki bayan an sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa wa Turawa ƙasar Berar saboda bashi. Ya tarar da baitulmali wayam, sojoji na bin albashin watanni, gundumomi kuma suna jingine a hannun masu bin bashi. Tambayata biyu ce. Me ya yi takamaimai har ƙasar ta farfaɗo? Kuma wa ya fi cin moriyar gyaran, manomi ko Razdan?

Hajiya Rabi:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin mu ce baitulmali wayam, sai mu fara tambaya ko akwai baitulmalin ma. A yadda muka san shi yau, wuri guda da kuɗi ke shiga a rubuta, su fita a rubuta, babu shi. Kuɗin ana kashe su tun ba su iso birni ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Gwamnati ba ta karɓar haraji da kanta, kwangilarsa take bayarwa. Mai karɓar kwangilar gunduma ana ce masa talukdar. Bari in ƙaddara misali don lissafin ya fito, a tuna lak ɗaya rupi 100,000 ne, karor ɗaya kuma lak 100. Mu ce gunduma ce da ake sa ran lak 2 a shekara. Mai nema zai fara biyan gaisuwa, wadda suke kira nazrana, mu ce rupi 20,000. Sannan a ce ya kawo rabin harajin tun kafin a yi shuka, lak 1 ke nan. Ba shi da wannan kuɗi a ƙasa, sai ya tafi wurin masu ba da rance na Begum Bazar, waɗanda ake kira sahukar, ya ci bashi a kan kashi 2 cikin 100 duk wata. Wata takwas kafin kaka, ruwan ya zama rupi 16,000. To kun ga tun bai ci ribar ko anini ba, sai ya tatso rupi 36,000 daga jikin manoma a kan lak biyun da ke rubuce. Shi kuma ba ya zuwa gundumar, yana birni yana gadin kujerarsa, wakili yake turawa, wakilin ma da nasa bakin.

Abin da ya fi muni, babu tabbacin zai kai ƙarshen wa'adinsa. Wani na iya zuwa gobe da gaisuwar da ta fi tasa, a ba shi gundumar. Har ana ba da labari a Haidarabad cewa sabon talukdar yakan hau doki yana fuskantar jela, don ya hango wanda aka turo ya canje shi. Mutumin da ke cikin wannan hali ba zai gyara tafki ba, ba zai ɗaga wa manomi ƙafa a shekarar fari ba. Abin da ya samu yau shi ne nasa.

Baban Ummi:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai akwai hannu na uku. Idan gwamnati ta kasa biyan albashin soja, takarda take ba shugaban rundunar, wato jamadar, a kan harajin wata gunduma, ya je ya karɓa da kansa. Manyan jamadarorin nan Larabawan Hadramaut ne, ga kuma Fatanawa da Rohila, mutane masu asali daga Afganistan. Suna da mayaƙa, suna kuma ba da rance, har gwamnatin ma suna binta. Wanda yake binka bashi kuma shi ke riƙe da bindiga, ai ba ka ce masa ya dawo gobe. Don a ga girman dukiyar da aka tara ta wannan hanya, gidan Al-Ku'aiti da kuɗin Haidarabad suka kama Shihr a 1866, daga baya suka haɗa da Mukalla a 1881, suka kafa sarauta a kudancin Yaman.

Lissafin ƙasa kuma yana hannun gidaje biyu da suka gaje shi kaka da kakanni, masu riƙe da ofisoshin lissafi biyu, Daftar-i-Diwani da Daftar-i-Mal. Waziri da kansa ba ya iya sanin abin da ya shigo da abin da ake bin ƙasa sai abin da suka ga damar nuna masa.

Malam Ɗanjuma:
Ina jin ku, amma kada mu fara labarin daga tsakiya, mu ɗora wa masarauta laifin duka. Wa ya haƙa ramin? A 1798 Nizam ya shiga yarjejeniyar kariya da Kamfanin Gabashin Indiya, wato kamfanin Turawan Ingila da ke mulkin sassan Indiya a lokacin, a 1800 ya ba da yankunan Bellari da Kadapa don su zama kuɗin sojan da aka girke masa. An biya ke nan, an gama. Yarjejeniyar 1800 ta ƙara da cewa in yaƙi ya tashi zai taimaka da dakaru 6,000 da mahaya 9,000. In yaƙi ya tashi, a lura. Daga wannan sharaɗi ne Razdan Henry Russell ya gina wata runduna ta dindindin, hafsoshinta Turawa, umarninta a hannun Razdan, albashinta a wuyan Nizam, ana yaƙi ko ba a yi. Tana cin wajen lak 40 a shekara.

Da Chandu Lal, wanda ya juya mulki har zuwa 1843, ya rasa abin biya, sai ya koma wa kamfanin William Palmer yana cin bashi a kan ruwa wajen kashi 25 cikin 100. Razdan Metcalfe ne ya tona wannan ciniki. Amma ta yaya aka biya bashin a 1823? Kamfanin Gabashin Indiya yana biyan Nizam lak 7 duk shekara saboda yankunan gaɓar teku da ya karɓa tun da. Sai suka ba da kuɗi dunƙule, sama da karor 1 da lak 16, aka soke wancan biyan har abada. An sayar da saniyar tatsa don a biya kuɗin nono. Shekara 30 bayan haka, ariyas na rundunar nan ta sake taruwa, Gwamna-Janar Dalhousie ya ce a kawo ƙasa. Ranar 21 ga Mayu 1853 aka miƙa Berar da Raichur da Dharaseo, ƙasar da ke kawo lak 50 a shekara. Ko kuɗin harajin giya na barikin Sikandarabad da Jalna, wanda Turawa suka yi shekaru suna riƙewa, ba a cire shi daga bashin ba.

Malam Habu:
Allah ya ƙara sani, Malam Ɗanjuma. To mu dawo kan shi wazirin. Da me ya fara?

Hajiya Rabi:
Da mutunci a kasuwa ya fara, don ba shi da wani jari. Ya tsaya a kan cewa bashin da shi ya ci zai biya a ranar da ya yanka. Da sahukar suka ga alkawarinsa na cika, sai suka yarda su ba shi rance a kan ruwa mai sauƙi. Da wannan sabon rance yake fanso gundumomin da ke jingine, ɗaya bayan ɗaya, yana zama da jamadarori ana tantance abin da ake binsu da abin da suka riga suka kwasa daga gundumar. Duk gundumar da ta dawo ba ya sake ba da kwangilarta. Ma'aikaci mai albashi yake turawa, ya tara haraji, ya kawo shi gaba ɗaya baitulmalin da ya kafa a birni a tsakiyar shekarun 1850. Harajin wannan gunduma shi zai fanso ta gaba.

A nan gyaran yake, a ganina. Tambayar ita ce hannun wa kuɗi ke fara taɓawa. Da, mai bin bashi ne ke fara ɗiba, gwamnati ta karɓi saura. Yanzu kuɗi na shiga baitulmali tukuna, a rubuta, sannan a biya kowa daga can. Adadin da manomi ke fitarwa ba lallai ya ƙaru ba, amma abin da ke isa birni ya ƙaru, domin bakunan da ke kan hanya sun ragu.

Sai kuɗin kashewa. Akwai wuraren buga kuɗi da yawa a ƙasar, rupi iri-iri, nauyi da azurfa ba ɗaya ba, kowane biya sai an yi ragin canji, mai karɓar haraji kuma ya karɓa da farashi ɗaya ya miƙa da wani. A 1858 aka fito da rupin Hali Sikka, aka cire sunan sarkin Mugal na Delhi daga jikin kuɗin. Ba a rufe bakin wannan matsala a rana ɗaya ba, amma an samu ma'auni guda da ake rubuta littafin gwamnati da shi.

Malama Zainab:
In ƙara a kan tsarin mulkin, don albashi kaɗai ba ya hana ma'aikaci ci in babu mai duba shi. A 1864 aka kafa majalisar kula da haraji. A 1865 aka yi abin da suke kira zilabandi, wato yanka ƙasar gwamnati zuwa larduna masu iyaka sananniya. Kowane lardi yana da talukdar na ɗaya, wanda yanzu sunan ne kawai na da, aikin na ma'aikaci ne, da mataimaka na biyu da na uku. Ƙarƙashinsu gundumomi, kowace da tahsildar mai kula da harajinta. A ƙauye kuma dagaci, wato patel, da malamin lissafi, patwari. A 1867 aka tattara lardunan zuwa yankuna biyar, kowane da babban talukdar mai zagayawa yana duba littattafai. A 1868 aka naɗa manyan jami'ai huɗu da ake kira Sadrul Maham, ɗaya shari'a, ɗaya haraji, ɗaya 'yan sanda, ɗaya kuma sauran ayyuka irin su gine-gine da ilimi da lafiya. Samarin gidajen sarauta ya ɗora a kan kujerun nan, kuma da gangan ya yi, don manyan gari su ji da su ake yi.

Wurin da manomi ya fi jin canji shi ne rabon amfanin gona. A yankin Telangana, inda ake noman shinkafa a bakin tafkuna, ana bin tsarin batai: gwamnati na da kasonta a cikin hatsin. Ku duba abin da hakan ke nufi a masussuka. Shinkafa ta nuna, ba ka da ikon yanka sai mai ƙiyasi ya zo ya kewaya gonar. An yanka an tara, ba ka da ikon ɗauka sai mai awo ya zo. In ya yi jinkiri, ruwa ya sauka a kan tarin, ko ɓera da tsuntsu su yi ta ci, asarar taka ce. Don haka kowa yana ba da na goro a zo masa da wuri. Mayar da haraji ya zama kuɗi tsayayye a kan gona ya kashe wannan kasuwa.

Baban Ummi:
Amma Malama, kuɗi tsayayye sai da awo, shi ya sa aka kafa sashen safiyo a 1875 bisa tsarin lardin Bombai. Matakansa uku ne. A auna kowace gona a ba ta lamba a taswirar ƙauye. A haƙa ƙasar a duba zurfinta da launinta da tsakuwa da gangare, a ba ta daraja a ma'aunin anna 16, kamar yadda rupi ɗaya yake anna 16 a wancan zamani. Sannan a yanka wa rukunin ƙauyuka farashi mafi tsada bisa ruwan sama da kusancin kasuwa, gona mai anna 8 ta biya rabin abin da mai 16 ke biya. A Bombai akan bar wannan farashi shekara 30 ba a taɓa shi ba.

Inda yake ɓaci wuri biyu ne. Na farko, mai tantance ƙasa ƙaramin ma'aikaci ne, anna biyu da zai ɗaga ko ya sauke za su bi gonar shekaru masu yawa, to kun san me zai faru. Na biyu, batai duk da sharrinsa yana raguwa da kansa in damina ta gaza, don kason gwamnati a cikin babu, babu ne. Kuɗi tsayayye ba ya san fari. In ba a yi rangwame da gaggawa ba, manomi wurin mai rance zai tafi, gonar da aka rubuta masa da sunansa ita ce jinginar. Kuma shekara ɗaya tak da kafa sashen aka shiga yunwar 1876 zuwa 1877.

Malam Ɗanjuma:
Duk na yarda da wannan. Amma a faɗa wa masu karatu cewa abin da kuke lissafawa a ƙasar Diwani kawai ya yi aiki, wato ƙasar gwamnati da ke ƙarƙashin waziri, wadda ba ta wuce kashi 60 cikin 100 na masarautar ba. Kimanin kashi 10 gandun Nizam ne na kansa, Sarf-i-Khas, kuɗinsa ba ya bi ta hannun waziri. Ragowar wajen kashi 30 na masu jagir ne, wato ƙasar da sarki ya ba manya su ci harajinta, da manyan gidajen sarautar Paiga da ƙananan sarakunan Hindu, suna karɓar harajinsu, manyansu har da kotunansu da 'yan sandansu. Ba a soke jagir ba sai 1949, bayan Indiya ta haɗiye masarautar.

A cikin Diwanin ma, tsofaffin masu tara haraji na gado, deshmukh da deshpande, an karɓe aikin daga hannunsu an yanka musu alawus, amma da aka zo rubuta gonaki su ne suka san takarda, su ne patwari ke jin tsoro. Filaye masu yawa da sunansu aka rubuta. Jikokinsu ne manyan masu ƙasar Telangana da ke sa talakawa aikin tilas da ake kira vetti, abin da ya kai ga tawayen manoma na 1946 zuwa 1951. An raba su da jakar haraji an bar musu gona.

Hajiya Rabi:
Haka ne, Malam, sai dai ina ganin ba adalci ba ne a auna shi da abin da ba shi da ikon taɓawa. Mutumin nan yana tsakanin wuta biyu. Nizam Afzalud Daula, wanda ya hau a 1857, bai amince da shi ba, ya nemi sauke shi fiye da sau ɗaya, Razdan ne ya tare. An kai masa hari don a kashe shi a 1859, an sake a 1868. Da ya taɓa gandun sarki ko ƙasar Paiga, da bai kwana a kujerar ba, da ɗan abin da aka samu ma ba a samu ba.

Malam Ɗanjuma:
To ai amsar tambayar Malam Habu ta biyu ke nan, Hajiya. Wazirin da Razdan ne ke riƙe masa kujera, iyakarsa inda Razdan ya tsaya. A 1857, da aka kai wa gidan Razdan hari ranar 17 ga Yuli ƙarƙashin Turrebaz Khan, Salar Jang ya tsaya wa Turawa. Ladan da aka ba da a 1860 shi ne an mayar da Raichur da Dharaseo, an ƙara da Shorapur, an yafe bashin lak 50. Berar kuwa aka riƙe. Ku duba sharaɗin da aka sauya. A 1853 an ce za a riƙa nuna wa Nizam lissafin Berar duk shekara, a ba shi rarar da ta saura. A 1860 aka ce rara tana nan, amma ya daina neman lissafi, kuma abin da za a kashe wajen mulkin yankin Turawa ne za su yanke. Wanda ke yanka kuɗin kashewa ai shi ke yanka rarar. Shekara ta gaba yaƙin basasar Amurka ya ɓarke, audugar Amurka ta yanke wa masaƙun Ingila, audugar Berar ta yi tsada irin wadda ba a taɓa gani ba a kasuwannin Amrawati da Khamgaon.

Salar Jang ya yi ta rubuta takardu a mayar da Berar, ya kawo hanyoyin da zai tabbatar da albashin rundunar ba tare da jinginar ƙasa ba, har Landan ya je a 1876. Bai samu ba. A 1877, lokacin yana riƙon ƙasa saboda Nizam Mahbub Ali Khan yaro ne, abokin riƙonsa ya rasu, Razdan Meade ya ɗora masa abokin hamayyarsa a wannan matsayi, aka kuma kori sakatarensa Bature da ake zargin shi ke tsara masa takardun. Ya nuna ƙasar na iya biyan bashinta, wato dalilin karɓar Berar ya faɗi, amma ba a mayar ba. A 1902 Gwamna-Janar Curzon ya mayar da ita haya ta har abada a kan lak 25 a shekara.

Malam Habu:
Wannan ya tuna mini da namu baitulmalin na En'e. Ko akwai alaƙa?

Malama Zainab:
Akwai kama, Malam, kuma Lugga kansa a Madaras aka haife shi a 1858, ya yi aikin soja a Indiya, ya san irin waɗannan masarautu. Abin da aka yi a Katsina zamanin Sarki Dikko da Razdan Palmer, wanda ba shi ne Palmer mai ba da rance na Haidarabad ba, da abin da aka yi a Kano a 1909 zamanin Sarki Abbas, manufarsa ɗaya da ta Salar Jang: a kawar da jakadu, hakimi ya fita ya zauna a gundumarsa, haraji ya shiga baitulmali, kowa ya koma albashi har sarki. Bambancin shi ne a nan Bature ne ya kawo tsarin, yana ɗaukar rabin harajin, kuma shi ke amincewa da ƙiyasin shekara. A Haidarabad ɗan ƙasa ne ya yi gyaran don kada Turawa su sami hujjar karɓe sauran ƙasar, kuma bai taɓa iya sa Nizam a kan albashi ba.

Baban Ummi:
Akwai wani tsada da gyaran ya jawo wanda ba mu taɓo ba. Sabon tsari yana son mutanen da suka san aikin ofis irin na Indiyar Turawa, kuma tsofaffin malaman daftari ba su san shi ba, wasu ma ba sa son su sani. Sai ya ɗauko ma'aikata daga arewacin Indiya, irin su Sayyid Husain Bilgrami da Mahdi Ali, wanda aka fi sani da Muhsinul Mulk, da Chiragh Ali. Sun iya aiki, babu musu. Amma suka jawo 'yan uwansu, 'yan ƙasa suka ga ana cika ofisoshi da baƙi. Daga nan rigimar mulki da gair-mulki ta samo asali, wato ɗan ƙasa da baƙo, wadda ta bi Haidarabad har bayan 'yancin kai. Shi wazirin ya riƙe Farisanci a matsayin harshen gwamnati duk rayuwarsa. Ya rasu ranar 8 ga Fabrairu 1883, a 1884 ɗansa Salar Jang na Biyu ya mayar da harshen ofis Urdu, abin da ya ƙara wa baƙin ƙarfi, tunda harshensu ne na gida.

Hajiya Rabi:
Kuma komai a hannun Salar Jang na Ɗaya yake tattare, Baban Ummi. Sadrul Maham huɗun nan ba su yanke babban hukunci sai takarda ta je teburinsa. Ga layin dogo na Wadi zuwa Sikandarabad da aka buɗe a 1874 da kuɗin masarauta, wanda daga baya aka miƙa wa kamfanin Landan da alkawarin ribar kashi 5 cikin 100 na shekara 20, ko jirgi ya kawo kuɗi ko bai kawo ba. Da Salar Jang ya kwanta dama, fada ta dawo tana ɗibar kuɗi daga baitulmalin Diwani ba tare da mai iya cewa a'a ba, har a 1901 aka kawo Bature, Casson Walker, aka damƙa masa sashen kuɗi. Malam Ɗanjuma, in kana da bayanin yadda aka raba lak 25 na hayar Berar tsakanin biyan tsohon bashi da abin da ke isa hannun Nizam a shekarun farko, a kawo mana, don can ne lissafin 1902 yake ɓoye.